Wane yis za ka saya wa 'yan maruƙanka: mai rai, tsimi, ɓawo ko na burodi?

Mai kiwon shanun madara da ya shiga shagon kayan dabbobi neman abin da zai ƙara wa maruƙansa garkuwar jiki zai iya tarar da kaya iri uku ko huɗu, kowanne an rubuta yis a jikin buhunsa. Duk tushensu ɗaya ne, wato ƙwayar Saccharomyces cerevisiae, wadda ke kumbura burodi da fanke. Amma wani da ransa ake sayar da shi, wani an busar da shi tare da abincin da ya tsima a ciki, wani kuma ɓawonsa kawai aka ɗebo. Inda suke aiki a cikin maraƙi ya bambanta, haka juriyarsu ga zafin ɗakin ajiya. Wannan na ƙarshe shi ne abin da masu sayarwa ba su cika faɗa ba, alhali a ƙasarmu shi ke yanke hukunci sau da yawa.

Kafin a zo ga yis

Ana haihuwar maraƙi ba tare da garkuwar uwarsa a jininsa ba, domin mahaifar saniya ba ta barin sinadaran kariya su tsallaka zuwa ɗan tayi. Dakashi ne ke kawo su. Hanjin jaririn yana tsotse su da kyau a sa'o'in farko, sannan ƙofar ta riƙa rufewa, kafin a cika sa'a 24 ta rufe. Abin da ake so shi ne ya sha kwatankwacin kashi 10 cikin 100 na nauyinsa da wuri, cikin sa'a biyu zuwa shida. Ɗan Firisiyan mai kilo 40 lita huɗu ke nan, ɗan Bunaji mai kilo 20 zuwa 25 kuwa lita biyu zuwa biyu da rabi. Gonar da ke da ɗan madubin awo na Brix tana iya gwada dakashin: 22 ko sama, mai kyau ne.

Daga nan garkuwar aro tana raguwa, tasa kuma ba ta gama tasowa ba. Tsakanin mako na biyu da na huɗu maraƙi yana cikin wannan rata, kuma a nan zawo ke yi masa kwanton ɓauna. Cikin ƙwayoyin cutar da ke kawo shi, bakteriyar E. coli ta fi kamu a kwanakin farko. Rota da korona da Cryptosporidium suna zuwa daga ƙarshen makon farko zuwa na uku, koksidiya kuma bayan mako uku. Ko a Amurka, binciken ƙasa na 2014 ya nuna kusan karsana ɗaya cikin uku tana yin ciwo kafin yaye, biyar cikin ɗari kuma suna mutuwa, kuma ciwon ciki ne kan gaba.

Aikin yis, in ya yi aiki, shi ne ya rage kaifin wannan ratar. Ba ya zuba wa jini sinadarin kariya ko ɗaya da dakashi bai kawo ba. Ya samu kasuwa sosai ne bayan Tarayyar Turai ta haramta zuba antibayotik a abincin dabbobi don ƙara girma, daga 1 ga Janairun 2006, aka shiga neman madadi.

Ma'aunan zaɓi

Na farko, ta ina kayan zai shiga? Madarar da maraƙi ya tsotsa ba ta faɗawa tumbi. Tana bin wani kwararo ne ta wuce kai tsaye zuwa ciki na huɗu, daga can sai hanji. Tumbi ba ya fara aiki sosai sai maraƙi ya soma cin garin hatsi, wajen mako na uku. Don haka abin da aka zuba a gari kaɗai ba zai isa ga maraƙi ɗan kwana goma ba, wanda bai wuce lasar gari ba, alhali lokacin ne zawo ya fi kisa.

Na biyu, hujja. A nan a yi hattara da abu ɗaya: takardar talla za ta ce wani sinadari ya ƙaru a jini. Wannan daban, raguwar kwanakin zawo da mace-mace daban. Mai garke na biyun yake saye. Kuma yawancin gwaje-gwajen a kan shanun madara na Holstin aka yi su, a Amurka da Kanada da Turai da Sin, da dama da kuɗin kamfanonin da ke yin kayan.

Na uku, farashi, amma ba na kilo ba. Lissafa giram nawa a rana, sau kwana 60 na shayarwa, ka ga nawa maraƙi ɗaya zai ci maka. Sai juriya ga zafi da danshi, sauƙin bayarwa, da haɗari.

Yis mai rai na dabbobi

Wannan busassun ƙwayoyi ne masu rai, an zaɓo jinsinsu musamman. Kamfanin Lallemand na Kanada yana da Levucell SC mai lamba CNCM I-1077 don tumbi, da Levucell SB mai lamba CNCM I-1079 don hanji. Phileo na Lesaffre a Faransa yana da Actisaf Sc 47, Alltech na Amurka yana da Yea-Sacc. Lambar jinsin tana da muhimmanci, domin sakamakon gwajin wani jinsi ba ya zama shaida ga wani.

A tumbi, yis mai rai yana shanye 'yar iskar oksijin da ke shiga tare da abinci, abin da ke daɗaɗa wa bakteriyar da ke narkar da ciyawa. Yana kuma taimaka wa waɗanda ke cinye tsamin laktik, don haka tumbi ba ya yin tsami fiye da kima lokacin yaye. Na hanjin, wanda ake kira boulardii, wani Bafaranshe ne mai suna Henri Boulard ya samo shi a 1923 a yankin Indocina, daga ɓawon 'ya'yan itatuwa. Ya fi son zafin digiri 37, yana jure tsamin ciki, kuma tun da daɗewa likitocin mutane ke ba masu zawo shi. Wani gwaji da aka wallafa a 2005 ya ba da yis mai rai ga maruƙan da dakashi bai wadace su ba, aka ga kwanakin zawonsu sun ragu. Wani amfaninsa shi ne antibayotik ba ya kashe shi, tunda ba bakteriya ba ne. Ana iya ci gaba da ba maraƙin da ke karɓar allurar antibayotik ta LA.

Ana auna shi da yawan ƙwayoyi masu rai, abin da aka rubuta CFU a buhu. Gwaje-gwaje da yawa suna ba da wajen biliyan 10 a rana. In kayan yana da biliyan 20 a giram, rabin giram ke nan, giram 30 har yaye. Kilonsa tsada, kuɗin maraƙi ɗaya kuwa kaɗan.

Matsalar ita ce ransa. Ruwan da ya kai digiri 55 zuwa 60 yana kashe shi, kuma masu dama garin madara da ruwan zafi sukan zuba komai lokaci guda. Sai madarar ta huce zuwa 38 ko 40 a zuba, a ba da nan take. Injin dunƙule abinci ma yana kai digiri 70 zuwa sama, sai in nau'in mai rufi ne da aka yi don haka. Ga kuma ajiya. Sito mai rufin kwano a Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram a watan Afrilu, inda inuwa kanta ke wuce digiri 40, ba wurin zaman yis mai rai ba ne. Da damina kuma danshi ke tada shi a cikin buhu ya mutu a banza. Kafin ya iso hannunka ya yi makonni a kwantena a tashar ruwa, ya kwana a bayan tirela. Lambar CFU da ke jikin buhu ta ranar da ya bar masana'anta ce. Kana iya zuba ɗan kaɗan a ruwan ɗumi da sukari ka ga ko zai yi kumfa, amma wannan rai kawai yake nunawa, ba yawa ba.

Tsimin yis

A nan ana kiwon yis ɗin ne a kan abinci na musamman, a bar shi ya tsima, sannan a busar da komai tare: ƙwayoyin, abincin, da sinadaran da suka fitar. Ba a dogara da ransa ba. Sanannen mai yin sa shi ne Diamond V na garin Cedar Rapids a jihar Iowa, wanda Cargill ya saya: SmartCare don madara, XPC da NutriTek don gari.

A ganina, in ana maganar lafiyar maraƙi kanta, wannan rukunin ya fi tarin hujja. A 2008 an wallafa gwajin maruƙa 512 a Kalifoniya, aka zuba tsimin kashi 2 cikin 100 na garinsu. Zawo ya ragu, mace-mace ma sun ragu. Nauyinsu kuwa bai wuce na sauran ba, kuma yawancin ma'aunan garkuwa a jini ba su motsa sosai ba. Wannan ya nuna abin da na faɗa a sama ta ɗaya fuskar: awon jini da lafiyar da ido ke gani ba koyaushe suke tafiya tare ba. A jami'ar jihar Iowa an sa wa maruƙa bakteriyar Salmonella da gangan a wani gwaji na 2014, waɗanda ke cin tsimin suka fi sauƙin zazzaɓi da zawo. A 2020 aka yi irin haka da ƙwayar BRSV mai kawo ciwon huhu, da giram ɗaya a madara da giram biyar a gari kullum, aka ga ɓarnar huhu ta yi sauƙi. Waɗannan biyun ƙananan gwaje-gwaje ne na 'yan maruƙa kaɗan. Akwai kuma waɗanda ba a ga wani bambanci ba, musamman inda maruƙan dama lafiyarsu ƙalau.

Ajiyarsa ba wahala. Zafi ba ya kashe abin da dama ba shi da rai, danshi kawai za a kiyaye kada ya yi fumfuna. Na garin yana da sauƙi: a ma'aunin kashi 2, kilo ɗaya a buhu mai kilo 50, amma nau'ukan da aka tattara ƙarfinsu kaɗan ake zubawa, sai a bi abin da ke jikin buhu. Kuɗinsa ya fi, domin cikakken tsarin kaya biyu ne, na madara da na gari. Samunsa ma sai ta hannun manyan dillalan kayan abincin dabbobi, kuma farashin yana bin dala. Wanda ya sayi na garin kaɗai ya bar makonni biyun farko a buɗe.

Ɓawon yis

Idan aka fasa ƙwayar yis aka cire abin cikinta, ɓawon da ya rage yana da abu biyu: mannan, wanda ake rubutawa MOS, da beta-gulukan. Bio-Mos na Alltech da Safmannan na Phileo suna cikin wannan rukuni.

Wasu nau'ukan E. coli da Salmonella suna da 'yan gashi da suke maƙalewa da su a bangon hanji, a wurin da ke da sukarin mannos. In mannan yana yawo a hanjin sai su kama shi, kamar ƙarangiyar da ta kama tsumma a maimakon ƙafar wando, su fita tare da kashi. Beta-gulukan kuwa fararen ƙwayoyin jini ne ke gane shi ta wata kafa mai suna Dectin-1, su zauna cikin shiri. A jami'ar jihar Pennsylvania, a 2003, an gwada giram huɗu na MOS a rana a madara, aka kwatanta da madarar da aka zuba wa antibayotik. Kashin maruƙan rukunonin biyu ya fi na waɗanda ba a ba komai ba kyau.

Ga iyakarsa, wadda ya kamata mai saye ya sani. E. coli mai lamba K99, wadda ta fi kashe jarirai 'yan kwana ɗaya zuwa huɗu, gashinta ba mannos yake kamawa ba. Rota da korona da Cryptosporidium su ma ba ta wannan hanya suke shiga ba. Gonar da zawonta na waɗannan ne ba za ta ga abin da take fata ba. Ana kuma tallata ɓawon a matsayin mai kama gubar fumfuna. Yana kama wasu, amma afalatoksin ɗin da ke damun masara da ƙuli-ƙulinmu laka irin bentonait ta fi kama shi.

Wajen juriya ba wanda ya kai shi: ruwan zafi, injin dunƙulewa, sito mai zafi, duk yana ɗauka. Giram huɗu sau 60 giram 240 ne, kilo ɗaya ya ishi maruƙa huɗu. Yana kwantawa a gindin bokiti, sai an motsa kafin a miƙa. Haɗarinsa na jabu ne, domin gari ne mai launin ƙasa-ƙasa da ba ka da hanyar gwadawa a gida. Nemi buhun da ya rubuta kason mannan da na gulukan, galibi wajen kashi 20 kowanne a kayan kirki, da lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Ƙullin leda da aka ɗebo daga buɗaɗɗen buhu, bar shi. Kada kuma a ninka awo don neman ƙarin lada: tada garkuwar jiki yana cin kuzarin da maraƙi zai yi girma da shi. Wanda ya damu da asalin kayan ya tambaya, domin wani daga masana'antar yis ɗin burodi yake, wani daga masana'antar itanol ta rake a Barazil, wani daga kamfanonin giya.

Yis ɗin burodi

Shi ne ke kowace kasuwa, shi ne mafi araha, kuma dangin su ɗaya. Yana da rai, yana da ɓawo mai mannan da gulukan. Sai dai an zaɓo jinsinsa ne don ya cika ƙullu da iska, ba don ya zauna a cikin maraƙi ba, ba kuma a rubuta masa awon dabba. Da an buɗe ledar ƙarfinsa ya fara sauka. Cokalin shayi ɗaya wajen giram uku ne.

Wannan yis ba ya cin sukarin da ke cikin madara, don haka a zallar madara ba zai yi kumfa ba. Haɗarin yana zuwa ne in an haɗa shi da sukarin shayi, kamar yadda wasu ke yi wa maraƙi mai zawo ruwan gishiri da sukari irin na yara. Jaririn maraƙi ba ya narkar da sukarin rake, yana ƙara masa zawon ne, in kuma ga yis a ciki sai iska da kumburi. Ruwan farfaɗo da maraƙi da gulukos ake haɗa shi, ko a sayi na sacet a wurin likitan dabbobi, kuma ba a daina ba shi madara.

| | Mai rai | Tsimi | Ɓawo | Na burodi |
|---|---|---|---|---|
| Inda ya fi aiki | tumbi ko hanji, gwargwadon jinsi | hanji da tumbi | hanji | ba a keɓe ba |
| Awo a rana | rabin giram zuwa 1 | giram 1 a madara, kusan 5 a gari | kusan giram 4 | babu tsayayye |
| Kuɗin maraƙi ɗaya | kaɗan zuwa matsakaici | mafi yawa | matsakaici | mafi ƙanƙanta |
| Jure zafi | rauni | ƙarfi | mafi ƙarfi | rauni |
| Sauƙi | sai da ma'auni da lura | da sauƙi | sai an motsa | da sauƙi |
| Babban haɗari | sayen matacce | tsada, wuyar samu | jabu | kumburi in da sukari |

Wa ya dace da wanne

Gonar da ke raba maraƙi da uwarsa tana shayar da shi a bokiti, irin masu Firisiyan da 'yan ruwa biyu a kewayen Kano, Zariya, Kaduna da Jos, in zawo da ciwon huhu duka suna damunta kuma aljihu zai ɗauka, tsimi na madara da na gari shi ne zaɓina na farko. Karsana 'yar ruwa biyu guda ɗaya da ta tsira ta biya kuɗin kayan maruƙa masu yawa.

In kuɗin bai kai nan ba, ko sitonka zafi ne, ɗauki ɓawo ka zuba a madara daga rana ta biyu zuwa mako na shida ko yaye. Ya fi dacewa da inda likita ya gwada kashi ya ga Salmonella ko E. coli da ba K99 ba. Kai samfuri ɗakin gwaji irin na cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta NVRI a Vom ko asibitin koyarwa na dabbobi a Zariya ya fi sayen kaya a makance araha.

Mai firji ko ɗaki mai sanyi, da dillalin da kayansa ba sa kwana, da ƙaramin sikeli irin na masu sayar da zinariya, zai ci moriyar boulardii a makonni ukun farko, musamman ga maruƙan da aka sayo daga nesa ko waɗanda ke shan antibayotik. Wanda kuma matsalarsa lokacin yaye ce, maraƙi ya ƙi gari ya rame, jinsin tumbi a cikin gari ya fi masa.

Garken da maraƙi ke tsotson uwarsa safe da yamma, Bunaji ko Bokolo ko Azawak, ba shi da bokitin da za a zuba komai, kuma ɗura wa kowane maraƙi giram ɗaya kullum aiki ne da ba ya ɗorewa. Kuɗin ya fi amfani in an bar wa maraƙi dakashinsa duka, an rage tatsa a watan farko, an tsoma cibiya a aidin, an sauya turke zuwa busasshen wuri da damina. In ya fara cin dusa da ƙuli-ƙuli, a nan za a iya gauraya tsimi ko ɓawo. Yis ɗin burodi ban ga wanda zan ce ya dogara da shi don garkuwa ba.

Duk wanda ka zaɓa, kada ka ba kowa a tashi ɗaya. Maraƙin da aka haifa yau a ba shi, na gaba a bar shi, haka bi da bi, a wuri ɗaya da abinci ɗaya. Rubuta kwanakin zawo, kuɗin magani, awon ƙirji da tef duk mako biyu, da wanda ya mutu. Maruƙa biyar ko shida ba za su nuna maka komai ba, sai sun kai gommai a kowane ɓangare, kuma lissafin ya ratsa damina da rani kafin ka sayi buhu na biyu.